Jinin Bogi, Ribar Gaske

A watan Oktoban 2024, fim ɗin Terrifier 3 ya zo na ɗaya a cinikin tikiti a gidajen sinimar Amurka. Kimanin dala miliyan 2 aka kashe masa, ya kuma tara kusan miliyan 90 a duniya. Labarin bai taka kara ya karya ba: wani mai shigar barkwanci, wanda ko uffan ba ya cewa, yana bin mutane yana daddatsa su. A makon da ya fito ne ya ture fim na biyu na Joker, wanda ya lashe kusan dala miliyan 200. Duk mai ganin cewa irin waɗannan fina-finai abin 'yan tsiraru ne masu taɓin hankali, alƙaluman nan sun ƙaryata shi.

Tushen abin kasuwanci ne tun kafin ya zama sha'awa. Furodusan da ba shi da kuɗin ɗauko babban jarumi dole ya sayar da abin da manyan kamfanoni ke jin kunyar sayarwa, wato jini, tsiraici da tashin hankali. A 1968, shekarar da tsohuwar dokar tace fina-finai ta Hollywood ta rushe, George Romero ya fito da Night of the Living Dead a kan kimanin dala 114,000. A 1974 Tobe Hooper ya yi The Texas Chain Saw Massacre da ƙasa da dala 140,000, ya samo sama da miliyan 30. An ce arha ba ta ado, amma a nan rashin adon shi ne hajar. Hoto mai dishi-dishi da 'yan wasan da ba wanda ya san fuskarsu suna sa ɗan kallo ya ji kamar abin ya faru da gaske, kuma babu tabbacin cewa akta ba zai mutu ba.

Sai kaset ɗin bidiyo ya zo ya fitar da fina-finan daga gidajen sinima masu datti na Titi na 42 a New York, ya kai su falon kowa. A Ingila hankalin iyaye da 'yan jarida ya tashi, Mary Whitehouse ta ja ragamar kamfe, ofishin mai gabatar da ƙara ya jera fim 72 da ake iya kamawa, majalisa kuma ta yi dokar bidiyo a 1984. Me aka samu? Jerin nan ya koma takardar cefane. Samari suka riƙa farautar kaset ɗaya bayan ɗaya, kwafin kwafi da ƙyar ake gane fuska, kuma fina-finan da da sun mutu murus saboda rashin inganci suna nan har yau ana sake buga su a faifai masu tsada. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa suke da mabiya masu kishi: haramcin ya ba su daraja da ba su da ita, ya kuma ba mai kallonsu wani tinƙaho na cewa ya ga abin da wasu ba za su iya jurewa ba.

Ta ɓangaren mai kallo, masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Denmark, inda Mathias Clasen ke jagorantar nazarin tsoron da ake nema don nishaɗi, sun gano a 2020 cewa daɗin yana tsakiya: tsoro kaɗan gundura ne, mai yawa kuma azaba. Kamar yajin tsire ne, ido na hawaye hannu na komawa, don jiki ya san ba wutar gaske ba ce. Ga kuma dariya, wadda masu suka ba su cika lissafawa ba. Da yawa daga masoyan nan kallon taro suke yi, suna shewa idan kan roba ya faɗi, suna gardamar yadda aka haɗa jinin. Shi ya sa Who Killed Captain Alex?, wanda Nabwana Isaac ya yi a unguwar Wakaliga ta Kampala a 2010 da kuɗin da aka ce bai kai dala 200 ba, ya samu masoya har Turai da Amurka. Muryar mai sharhin da ke tsokanar fim ɗin daga farko har ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga wanda ya saba da fassarar fina-finan Indiya a Kano, inda bakin mai fassara kan fi faɗan bos armashi.

To, illar fa? Zargin da aka fi yi, cewa kallo na mai da mutum makashi, shi ne mafi rauni. Bayan kisan wani yaro ɗan shekara biyu a kusa da Liverpool a 1993, jaridu sun ɗora laifin a kan Child's Play 3, amma 'yan sanda ba su samu shaidar cewa yaran da suka yi kisan sun taɓa kallonsa ba. Cutar da ta tabbata tana bayan kyamara. A Cannibal Holocaust na 1980, wanda ya kai darakta Ruggero Deodato gaban kotun Italiya, 'yan wasan da aka nuna an kashe a fim ɗin ba su mutu ba, amma dabbobin da aka yanka na gaske ne. A fim ɗin Hooper an yanki yatsan jarumar da gaske, kuma 'yan wasan ba su ga wani abin kirki daga miliyoyin da aka tara ba. Sannan akwai yadda kyamara ke daɗewa a kan wahalar mace fiye da ta namiji a yawancinsu, abin da masoyan kansu ke kawar da kai a kai.

Amfanin da ba a musu shi ne makaranta. A hannun Roger Corman, sarkin fim mai arha da ya rasu a 2024, Francis Ford Coppola da Martin Scorsese da James Cameron suka goge.

Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda a 2021 ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, tana da iko a kan furodusan da ya kawo mata aikinsa. Amma yaron da ke da waya ba ya bi ta shagon haya balle ƙofar sinima. Abin da ke iso masa a TikTok ko WhatsApp ma ba fim ba ne, guntun minti ɗaya ne na wurin yankan kaɗai, an cire labarin, an cire sunayen 'yan wasa, ba abin da zai nuna masa cewa roba ce da jan ruwa, ga shi kuma a jere da bidiyon kisan gaske daga dajin Zamfara.