Kafin Ka Fara Ƙwallon Tebur, Gyara Riƙonka

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da sarin kaya ya kai Guangzhou, in ya yi sammako ya zaga gundumar Liwan kafin kasuwar tufafi ta Shisanhang ta cika, zai ga abin mamaki a wuraren shaƙatawa: tsofaffi maza da mata, wasu sun yi jika da shi, suna buga ƙwallon tebur ba haki ba gumi. Ba ƙarfi suka fi mu ba. Ya dai lura da hannunsu.

Riƙon bat iri biyu ne ya shahara. Na farko shi ne riƙon musabaha. Ka miƙa hannu ka kama mariƙin kamar za ka gaisa da mutum. Yatsu uku na ƙasa su zagaye mariƙin, babban yatsa ya zauna a fuskar gaba daidai inda roba ta fara, manuniya kuma ta kwanta a gindin robar ta baya. Kaifin katakon ya faɗo tsakiyar gurbin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Haka Fan Zhendong yake riƙewa, haifaffen Guangzhou ɗin nan da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Haka ma namu Aruna Quadri, wanda ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Riyo a 2016.

Na biyu riƙon alƙalami ne, wanda za ka fi gani a hannun dattawan Sin. Kan bat ɗin yana kallon ƙasa, babban yatsa da manuniya sun rungume mariƙin, sauran ukun sun lanƙwashe a baya. Da shi Rong Guotuan ya ci gasar duniya a Dortmund a 1959, ya zama ɗan ƙasar Sin na farko da ya ɗauki kambin duniya a kowane irin wasa. Riƙo ne mai sakin wuyan hannu, mai daɗin murɗa ƙwallo. Aibinsa, ƙwallon da ya zo ta ɓangaren bayan hannu yana wahalar mayarwa, har sai da gwanaye irin su Wang Hao suka ƙware a bugu da bayan bat ɗin. A ganina, wanda ba shi da mai koyarwa a kusa, ya tsaya ga musabaha. Ya fi sauƙi, kuma kuskurensa ya fi saurin gyaruwa.

Babbar illar masu koyo a teburan unguwanninmu ita ce damƙa. Yaro zai matse mariƙi har jijiyoyi su tashi, sai ka ce taɓarya ya ɗauko. Haba! Ƙwallon nan fa nauyinsa giram 2.7 ne kacal. Da zarar ka matse, wuyan hannu ya sandare, ƙwallo ya riƙa tsallake tebur, washegari kuma ka tashi da tsamin hannu har gwiwarsa. Riƙe bat ɗin kamar ɗan tsako: kada ya kufce, kada ya shaƙe. Gwajin mai sauƙi ne. Abokinka ya ja bat ɗin daga hannunka. In sai da ya yi kokawa, ka matse da yawa. Lokacin da ƙwallo ya taɓa roba ne kawai ake ɗan ƙara ƙarfin yatsu.

Sai masu miƙe manuniya ta haye tsakiyar roba, ta tare wurin da ƙwallo zai sauka. Akwai kuma masu sauya riƙo a tsakiyar wasa, alhali ƙwallo ba ya jiran kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Riƙon da hannu ya saba da shi a watannin farko yakan ci shekaru ba a raba shi da shi ba. In ciwon wuyan hannu ya ƙi tafiya bayan hutu, a je asibiti, a bar shafe-shafe.

Alhaji, in za ka yo wa yara tsarabar bat daga Guangzhou, ka sani iri biyu ake sayarwa. Mai gajeren mariƙi, wanda suke kira zhipai, na riƙon alƙalami ne. Mai dogon mariƙi, hengpai, shi ne na musabaha. Ka kama shi a hannunka ka gwada kafin ka biya kuɗi.