Kotun da Ba a Ɗaukaka Ƙara Bayanta

Kowace shari'a tilas ta sami inda za ta tsaya, in ba haka ba masu jayayya ba za su huta ba har abada. A Nijeriya wurin nan shi ne Kotun Ƙoli, wadda ta ke zaune a Abuja.

Dā ba haka abin ya ke ba. Ko bayan samun mulkin kai a 1960, wanda bai gamsu da hukuncin babbar kotun Ikko ba yana iya kai ƙararsa London, gaban alƙalan majalisar Sarauniya. A 1963 ƙasar ta zama jamhuriya, aka toshe wannan hanya. Tun daga ran nan maganar ƙarshe a gida a ke yinta.

Tsarin mulki na 1999 ya ce kotun tana da Babban Joji, da waɗansu alƙalai waɗanda ba su wuce 21 ba. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa su, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ba a naɗa mutum sai ya shekara 15 da zama lauya, in ya kai shekara 70 da haihuwa kuwa sai ya huta.

Yawancin ƙararraki hawa su ke yi mataki mataki. Alal misali, rigimar gona ko bashi ko gādo takan faro daga ƙaramar kotu, ta bi ta kotunan jiha, ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara, sa'an nan ta iso nan. Haka kuma shari'ar laifi. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana da ikon kawo kukansa, ba sai ya nemi izini ba. Amma in gardama ta tashi tsakanin Gwamnatin Tarayya da jiha, ko tsakanin jiha da jiha, nan a ke fara sauraronta.

A ɗaukaka ƙara ba a sake kiran shaidu. Alƙalai sukan karanta abin da kotunan ƙasa suka rubuta, su duba hujjojin lauyoyi, su tambaye su abin da ya shige musu duhu. Alƙalai 5 ke zama, in maganar fassara tsarin mulki ce kuwa sai 7. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, sai a bi inda suka fi yawa.

Shari'ar zaɓen 1979 ta nuna nauyin aikin nan. Dokar zaɓe ta ce ban da rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi kuwa 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12, amma a Kano bai kai ba, abin da ya samu ya yi kusa da humusi. Cif Obafemi Awolowo ya ce jiha ba ta rabuwa, saboda haka 13 a ke bukata. Alƙalai 7 suka zauna. Mafi yawansu suka ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, watau sudusin ƙuri'un Kano ya isa. Mai Shari'a Kayode Eso kaɗai ya ce Awolowo ke da gaskiya. Ran 1 ga Oktoba aka rantsar da Shagari.

Har yanzu masana shari'a suna gardama a kan lissafin nan, amma hukuncin bai tashi ba. Shugaban Ƙasa ko Gwamna yana iya yi wa mai laifi afuwa, kotun kuma tana iya barin tsohon ra'ayinta a wata shari'a ta gaba. Ban da wannan, abin da ta yanke ya zauna, gama babu wata kotu bisa da ita.