Keken Makaranta: Wane Kaya Ya Dace da Yashi, Wane Ya Dace da Kwalta?

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya a Ɗanzomo da sassafe ranar makaranta zai ga ɗalibai suna shigowa daga ƙauyukan kewaye, wasu a ƙasa, wasu a kan keke, jaka ɗaure a kariya, wani ma da ƙanensa a goye. Haka abin yake a sauran garuruwan Sule Tankarkar, da Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa. Ga ɗalibin da ke da tafiyar kilomita biyar ko bakwai kafin ya isa aji, lafiyar kekensa ce ke yanke hukuncin ko zai samu darasin farko ko zai tarar an tare makararru a bakin ƙofa.

Sai dai da yawa daga cikinmu, idan muka samu 'yan kuɗi daga aikin riɗi ko zoɓo ko barka da Sallah, abin da muke fara saya wa keke shi ne sitika da ƙaho mai kiɗa da fitilu masu walƙiya, alhali robar birki ta cinye, sarƙa kuma tana zamewa. Kafin ka kashe ko sisi, ka tambayi kanka: a kan wace irin hanya nake bi kullum? Amsar ita ce za ta zaɓa maka kayan da suka dace.

Kekuna uku da muke gani

Na farko shi ne baƙin keken nan na iyaye da kakanni. Kamfanin Raleigh, wanda ya samo asali a birnin Nottingham na Ingila a shekarun 1880, shi ya fi yin suna da irinsa a ƙasar Hausa, har ya taɓa samun masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Wannan keke na ƙarfe ne zalla, tayarsa inci 28, giyarsa ɗaya, kariyarsa na ɗaukar buhu. Yana da nauyi, amma babu mai gyaran da bai san shi ba, kuma kayansa ba sa wuyar samu.

Na biyu shi ne keken hawan dutse, mai faffaɗar taya da giya da yawa. An ƙirƙiro shi ne a shekarun 1970 a yankin Marin na Jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu matasa suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna tseren gangarowa daga tsauni. Mu a nan ba mu da tsaunuka, amma muna da yashi, kuma abin da keke ke buƙata a dutse shi yake buƙata a jigawa: taya mai faɗi da giya mai sauƙin tuƙi.

Na uku shi ne keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, marar nauyi. Irinsa Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya hau a 2024 lokacin da ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya lashe zango a gasar Tour de France ta Faransa. A kan kwalta mai santsi babu kamarsa, amma da zarar ka sauka burji ko turbar gona sai tayarsa ta nutse, ka koma tura shi da hannu.

Birki kafin komai

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma ranar hanyar Gumel zuwa Maigatari cike take da manyan motocin shanu da babura da amalanke. Wanda ya shiga wannan hanya da birkin tafin ƙafa, wato jan silifa a ƙasa, ya saka ransa a caca.

Robar birki na daga cikin kaya mafi araha a jikin keke. Ka duba ta: idan tsagogin da ke fuskarta sun shafe, ko ƙarfen da ke riƙe da ita ya fara gogar wili, lokacin canji ya yi. Idan birkinka na waya ne, ka duba ko wayar ta fara warwarewa ko ta yi tsatsa. Idan na sanda ne irin na baƙin keke, ka tabbata notocinsa a ɗaure suke. Kada ka yarda da birki ɗaya. Na gaba ya fi ƙarfin tsayar da keke, na baya kuma yana taimakawa wajen rage gudu, don haka a kama su tare, a hankali. Da damina kuma ka tuna cewa jiƙaƙƙen wilin ƙarfe ba ya kama birki da wuri, sai ka fara kamawa tun daga nesa.

Wasu kekunan gwanjo suna zuwa da birki mai faifai a tsakiyar wili. Yana da kyau ƙwarai, amma kada mai ya taɓa faifan, kuma ka fara tambaya ko ana samun abin canjinsa a Gumel kafin ka saya.

Taya: karanta lambar da ke jikinta

A gefen kowace taya akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, kamar 40-635 ko 50-559. Ta farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu kuma girman bakinta na ciki, wanda dole ya yi daidai da wili. Baƙin keke 635 ne. Keken dutse mai inci 26 kuwa 559 ne. Keken tsere 622 ne. A nan mutane ke yin asara, domin wasu tayoyin 622 ma an rubuta musu inci 28, amma ba za su shiga wilin baƙin keke ba. Ka rubuta lambar tsohuwar tayarka a takarda kafin ka tafi kasuwa.

Idan yawancin tafiyarka a yashi ce, nemi taya mafi faɗi da za ta iya juyawa ba tare da ta gogi jikin keke ba. Faffaɗar taya tana baza nauyinka a kan yashi, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke hana shi nutsewa. Idan kuma kwalta ka fi bi, taya mai manyan haƙora za ta riƙa ƙugi tana cin ƙarfinka a banza. Mai bin hanyoyin biyu ya nemi mai santsi a tsakiya da ƙananan haƙora a gefe.

Iska ma tana da ƙa'ida, kuma an rubuta iyakarta a jikin tayar. A kwalta, taya mai cikakkiyar iska ta fi gudu. A yashi, rage iska kaɗan yana sa ta shimfiɗu ta kama ƙasa. Amma idan ka rage da yawa, da ka daki rami wili zai tsunkuli tiyub ya yi masa huda biyu kamar sarar maciji.

Babban abokin gabar tayarmu shi ne ƙaya, musamman tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Akwai dabarar da masu faci suka daɗe da sani: a samu tsohuwar taya ko tsohon tiyub, a yanke, a shimfiɗa a cikin sabuwar tayar tsakaninta da tiyub. Keken zai ƙara ɗan nauyi, amma zuwa wajen mai faci zai ragu. Kuma duk lokacin da aka yi maka faci, ka shafa cikin tayar a hankali, domin sau da yawa ƙayar tana nan a maƙale tana jiran ta sake hudawa.

Sarƙa da giya: lissafin aji a kan hanya

Ƙirga haƙoran babban faifan da ke wajen feda, sannan ka ƙirga na ƙaramin da ke wilin baya. A ce na gaba 44 ne, na baya 18. Raba 44 da 18, za ka samu kusan 2.4, ma'ana duk juyi ɗaya na feda tayar baya za ta juya kusan sau biyu da rabi. Kewayen taya mai inci 28 ya kai kusan mita 2.2, ke nan juyi ɗaya zai kai ka mita 5.4. Wannan ya yi daidai a kwalta, amma a yashi sai ka miƙe tsaye kana nishi.

Yanzu a canza na baya zuwa mai haƙora 22. Raba 44 da 22, amsa 2 ce, juyi ɗaya zai ba ka mita 4.4. Gudu ya ragu kaɗan, amma feda ta yi sauƙi, gwiwa ta huta. Ga mai baƙin keke da ke fama da turbar yashi, wannan canjin ya fi sayen sabon keke sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da kawai zai biyo baya shi ne a ƙara wa sarƙar gaɓa ɗaya ko biyu.

Sarƙa tana tsufa, kuma rular makaranta za ta gaya maka. Daga ƙusa zuwa ƙusa a jikin sarƙa rabin inci ne. Ɗora farkon rula a tsakiyar ƙusa ɗaya: a sabuwar sarƙa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta wuce alamar da kusan milimita ɗaya da rabi, canza sarƙar. Idan ta kai milimita 3, ta riga ta fara cinye haƙoran faifai, kuma kuɗin gyara ya ninka. Ka kuma sani cewa sarƙar keke mai giya ɗaya ta fi ta mai giya da yawa kauri, ba a musanya su.

Game da mai, yawancinmu mun ɗauka yawansa ne alheri. A ƙasa mai ƙura, musamman da hunturu, mai da yashi idan suka haɗu sai su zama abin wasa ƙarfe. Goge sarƙa da tsumma, ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, juya feda, sannan ka sake goge abin da ya yi saura a waje.

Sirdi, wili da kariya

Akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. Hau keke, ɗora dunduniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba, tsayin sirdi ya yi daidai. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya. Sai dai kada ka ɗaga sandar sirdi ta wuce layin da aka zana a jikinta, za ta iya karyewa.

Ɗaga keken ka juya wili. Idan yana rawa hagu da dama, ko wayar wili ɗaya ta tsinke, kai shi gyara a makon. Waya ɗaya idan ta tafi, nauyinta kan koma kan maƙwabtanta, sai su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Siraran kariyoyin kekunan gwanjo kuma don jaka aka yi su, goyon mutum zai karya su. Masu sa doguwar riga ko hijabi ko wando mai faɗi su nemi murfin sarƙa, domin tufa idan ta shiga sarƙa ko wili faɗuwa ce nan take. Wanda ke dawowa daga Islamiyya ko darasin yamma bayan magariba yana buƙatar farar fitila a gaba da jan abu mai ƙyalli a baya, don direba ya hango shi. Hular kwano kuma ba ta 'yan tsere kaɗai ba ce.

Kyan ɗan maciji

Wasu kaya ido kawai suke ɗauka. Keke mai araha da aka cika wa sifirin gaba da baya yana da nauyi, ƙura na shiga ta daskarar da shi, kuma duk taka feda sai ya lotsa ya sha wani kaso na ƙarfinka. Haka ma rubutun giya 21 a jikin keke: faifai uku ne a gaba da bakwai a baya, kuma da yawa daga cikin giyoyin kusan maimaita juna suke yi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, giya shida ko bakwai masu aiki sun wadatar. Sunan Shimano, kamfanin Japan da aka kafa a 1921, yana kan kayan giya da yawa, amma akwai jabu, don haka ka gwada ka ga giyar tana shiga kafin ka yarda da rubutu.

Idan gwanjo za ka saya, tafi da babba ko mai gyaran da ka amince da shi. Ku duba mahaɗan jikin keken ko akwai tsagewa. Na ƙarfe mai walda zai iya ɗinke shi a ko'ina, na alminiyam kuwa ba kowane mai walda ke iya masa ba. Ku tambayi daga inda keken ya fito, ku karɓi rasit, domin araha mai yawa wani lokaci kayan sata ne.

Ga jerin da ya kamata kuɗinka su bi: birki, taya da tiyub, sarƙa, fitila, sannan famfo da kayan faci na kanka. Idan an samu ragowa, sai a yi ado. Ranar 3 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Kafin ta zagayo, ku nemi izinin shugaban makaranta ku gayyato mai gyaran keke na garinku ya nuna muku faci da ɗaurin birki a filin makaranta, kowa ya zo da kekensa da rularsa.