Sunan da muka yi ba jariri a gida

Ina cikin duba littattafan 'yan ajina da daddare sai ga kiran Inna: "Maza ki zo, ƙanwarki ta sauka, amma yaron ya zo da hanjinsa a waje." Ko takalmi ban tsaya na sa daidai ba.

A ƙaramin asibitin unguwarmu na tarar ungozoma ta naɗe masa ciki da leda mai tsabta, ta kwantar da shi ta gefen dama, ta lulluɓe shi don kada sanyi ya kama shi. Babansa ya yi masa kiran salla a kunne. Inna ta fito da dabino da zamzam, ungozomar ta riƙe mata hannu: "Hajiya, ki yi haƙuri, ko ɗigo kada ya shiga bakinsa." A daren aka tura mu asibitin koyarwa na Komfo Anokye, nan Kumasi.

Likitoci suna kiran abin gastroskisis. Ƙofa ce ke buɗewa a gefen cibiya, galibi ta dama, tun jariri na ciki, hanji ya fito ba abin da ya rufe shi. Ta nan ruwan jiki da ɗumi ke zurarewa, ƙwayoyin cuta su samu hanya. An fi ganin sa ga mata masu ƙarancin shekaru. Ƙanwata shekararta 19.

Aka sa hanjin cikin wata 'yar jakar roba, kullum ana mayar da shi ciki kaɗan-kaɗan har aka rufe wurin. Ta jijiya ake ciyar da shi, uwar kuwa tana tatsar nono don kada ya ƙafe.

Ranar bakwai aka yanka rago a gida, aka raɗa suna, mai sunan yana gadon asibiti. A wurin na ji wata tana raɗa wai an yi wa uwar sammu. Na ce, "Baba, wannan jarrabawa ce daga Allah, kuma tana da magani." Maganar ta fi raunin yi wa ƙanwata ciwo.

Yau yaron yana rarrafe, da ɗan tabo a cikinsa. Alhamdu lillahi.

'Yan'uwana matan zango, mu riƙa zuwa awo, mu yi hoton ciki, domin yakan nuna wannan tun kafin haihuwa, a shirya haihuwar a babban asibiti. In kuma ya zo ba zato: a rufe da leda mai tsabta, a ɗumama shi, kada a tura hanjin ciki, kada a ba shi komai, a nufi asibiti nan take.