Nisa, Gona da Hanya: Rayuwar Ƙauye a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Matafiyin da ya tashi daga birnin Sakkwato ya nufi kudu, ya bi ta Boɗinga da Shagari, zai isa Tambuwal bayan tafiyar kilomita kimanin 100 a kan kwalta, kuma da wuya tafiyar ta wuce awa biyu. Amma manomin da ke zaune a wani ƙauye na bayan gulbi a ƙasar Kebbe, idan damina ta yi nisa, kilomita 20 kacal na iya cinye masa rabin yini. Saboda haka masana labarin ƙasa suke auna nisa da abubuwa uku, watau kilomita, da lokaci, da kuɗin da tafiya ke ci. Awo biyun ƙarshe su ne suka fi taɓa rayuwar mutumin karkara, domin su ke yanke darajar gonarsa, da farashin amfaninsa, har da lafiyar iyalinsa.

Ƙasa ɗaya, fuska biyu

Tambuwal tsohon gari ne mai tarihi, wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a cikinsa a ƙarni na 19. Babbar hanyar da ta tashi daga Ikko ta ratsa Kwantagora da Yawuri da Jega, ta nufi Sakkwato da Illela, ta cikinsa ta bi. Kebbe kuwa tana kudu da shi, a kwarin Gulbin Zamfara, tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Kada mai karatu ya haɗa sunan Kebbe da na Jihar Kebbi, domin Kebbe ƙaramar hukuma ce a cikin Jihar Sakkwato.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutum kimanin 225,000 a Tambuwal, a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita wajen 1,700. A Kebbe an sami kimanin 125,000 a faɗin da ya kai 2,600. Idan ɗalibi ya raba yawan jama'a da faɗin ƙasa, zai ga kowane murabba'in kilomita a Tambuwal yana ɗauke da mutum kusan 130, na Kebbe kuwa bai cika 50 ba. Ashe ke nan inda fili ya fi yawa nan ne mutane suka fi ƙaranci. Dalilai da dama suka haɗu suka kawo haka, amma babba daga cikinsu shi ne jama'a sun fi taruwa inda hanya da kasuwa suke.

Abin da nisa ke yi wa gona

A shekarar 1826 wani manomi Bajamushe mai suna Johann Heinrich von Thünen ya wallafa nazarin da ya yi a kan gonarsa. Ya nuna cewa ribar manomi ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin noma da kuɗin kai kaya kasuwa. Tun da kuɗin dako yana ƙaruwa da nisa, gonaki biyu masu ƙarfin ƙasa iri ɗaya ba za su yi daraja ɗaya ba, matuƙar ɗaya ta fi kusa da kasuwa. Ya kuma lura cewa kayan da ke saurin lalacewa kusa da kasuwa ake noma su, hatsi mai jure ajiya kuwa shi ke can nesa.

Wannan ƙa'ida a fili take a yankin da muke magana. A tudu ana noma gero da dawa da wake, waɗanda kan yi watanni a rumbu ba su lalace ba. A fadama ana noma shinkafa da albasa da tumatir da tattasai. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da shirin bunƙasa fadama mai tallafin Bankin Duniya ya yaɗa rijiyar burtsatse ta hannu da ƙaramin injin ban-ruwa, noman rani ya ƙara ƙarfi a kwarin gulabe. To amma tumatir kwanaki kaɗan yake yi ya ruɓe. Manomin da fadamarsa ke bakin kwalta yana iya jiran mai saye da farashi mai kyau. Wanda sai an ɗauko kayansa a amalanke ko a bayan babur, dole ya karɓi abin da ɗan kasuwa ya taya, domin ya san idan ya ƙi, gobe asara ce. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara tsananta wannan bambanci, saboda kowane kilomita ya ƙara tsada.

Wane ne mai gona?

A al'adar wannan ƙasa ana samun gona ta hanyar gado, ko saye, ko aro, ko haya, ko jingina, kuma yawanci a gaban mai gari da dattawa ake ƙulla maganar. A wajen hukuma kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar haƙƙin riƙo na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Manoma kaɗan ne ke da irin wannan takarda. Rashinta kan hana banki karɓar gona a matsayin jinginar bashi, kuma idan rikicin iyaka ya taso sai a dogara ga shaidar tsofaffi, waɗanda a kullum ƙasa take rufe idonsu.

Gado ma yana da nasa lissafin. A ɗauka mutum ya bar hekta 6 ga 'ya'ya maza uku. Kowanne ya sami 2. Idan kowannensu ya bar 'ya'ya uku, rabon jika bai kai hekta ɗaya ba. A kusa da manyan garuruwa irin su Tambuwal da Dogon Daji wannan tsukewa ta fi bayyana, ga kuma gine-gine suna cin gonakin bayan gari. A nesa kuwa fili yana nan, sai dai a shekarun baya-bayan nan hare-haren 'yan bindiga sun sa manoma da yawa a yankunan da ke kusa da dazuzzukan kan iyaka sun daina zuwa gonakinsu na nesa. Gonar da ba a iya zuwa cikinta, komai albarkarta, ba ta da mai saye.

Tafiya don rai da tafiya don nema

Hanya ba ta tsaya ga buhun hatsi kaɗai ba. A 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana jinkiri uku da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun nan kai tsaye maganar hanya ce. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a taimake ta ba, kuma a ƙauyen da ruwa ya yanke, awa biyu ba su isa a ƙetare gulbi a sami mota ba.

Akwai kuma tafiyar nema. Cin-rani tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Sakkwato. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙirga fiye da mutum 250,000 suna bin hanyoyin Lardin Sakkwato zuwa kudu, lissafin da masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazari a kansa. Yau ma samari suna bin wannan sawu zuwa Ikko da Ibadan da Abuja, sai dai a mota maimakon a ƙasa, kuma kuɗin da suka samu ta wayar salula yake isowa gida. Da irin wannan kuɗi ake sayen taki da tumaki, ake kuma sa wa ɗaki rufin kwano.

Me ake iya yi?

Masana na Bankin Duniya sun fito da wani awo a 2006, watau kason mutanen karkara da ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da mota ke bi rani da damina. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan awo cikin ma'aunan muradunta na ci gaba. Abin lura shi ne ba lalle sai kwalta ba. Hanyar tsakuwa mai kwalbati da magudanar ruwa ta wadatar, in dai ana gyara ta kowace shekara. Jihar Sakkwato na cikin jihohin da suka shiga shirin hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020.

Ƙasar Indunusiya, mai dubban tsibirai da ƙauyuka fiye da 70,000, ta bi wata dabara. Tun 2015 gwamnatinta take aika kuɗi ga kowane ƙauye, mutanen garin su zauna su zaɓi aikin da za a yi, kuma kaso mai yawa ya tafi ga ƙananan hanyoyi da gadoji. A nan Nijeriya, hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Amfanin wannan hukunci ga ƙauye zai dogara ga yadda jama'a suka san buƙatarsu, suka kuma iya bayyana ta da hujja.

A nan ne ɗalibai da malamansu suke da rawar takawa. Kowane aji na iya zaɓar ƙauyuka biyar, ya rubuta mintocin da ake yi daga kowanne zuwa kwalta a watan Maris da kuma watan Agusta, da kuɗin ɗauko buhu ɗaya, da farashin tiyar gero a ƙauyen da a kasuwar Tambuwal a mako guda. Littafin rubutu da agogo kawai aikin ke buƙata. Takarda ɗaya mai ɗauke da irin waɗannan alƙaluma, idan aka ajiye ta gaban kansila ko hakimi, za ta nuna daidai rafin da ke buƙatar kwalbati kafin ruwa ya sauka.