Jirgin ruwa mai kwana a gida

A ƙasar Faransa, a bakin tekun Atalantika, akwai wani irin ƙaramin jirgin ruwa wanda ba shi bukatar inji. Iska ce ke tura shi. Yana da doguwar sanda a tsakiya, an ɗaura mata manyan ƙyallaye biyu. In iska ta buga ƙyallayen, sai jirgi ya tafi. In an gama yawo, sai a ɗora shi bisa amalanken ƙarfe, mota ta jawo shi har gida.

Ba na kamun kifi ba ne, ba na dako ba ne. Ma'aikata ne ke sayen shi domin hutu da koyon tuƙi.

Yaya talaka ya samu jirgi?

A da, jirgin iska na masu kuɗi ne. A shekarar 1947 aka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi a tsibiran Gilena, yamma da Faransa. Samari sun yi yawa, jirage ba su isa ba. Sai wani gwani mai suna Jean-Jacques Herbulot ya zana jirgi mai araha a 1951. Aka sa masa suna Vaurien. Tsawonsa mita 4 da santimita 8. Da katako mai falle-falle aka yi shi. An so kuɗinsa kada ya wuce na keke biyu. A 1954 ya sake zana wani mai suna Corsaire, mai tsawon mita 5 da rabi, da ɗan ɗaki inda mutane za su kwana. Har yau ana samun tsofaffin waɗannan jirage ana saidawa.

Me ya sa ake kai shi gida?

Babban jirgi a cikin ruwa yake kwana. Mai shi yana biyan kuɗin wurin ɗauri kowace shekara, ko ya hau, ko bai hau ba. A wasu tashoshi ma, sai mutum ya jira shekaru kafin ya samu wuri. Ƙaramin jirgi kuwa, a tsakar gida yake kwana, ba haya. Nan ne ribarsa take.

Amma akwai doka. A Faransa, faɗin abin da ake ja bisa hanya bai wuce mita 2 da santimita 55. In amalanken da kayansa za su iya wuce kilo 500, sai an yi masa takardarsa daban da ta mota. In za su wuce kilo 750, sai yana da birki nasa. Jirgin iska ba shi bukatar lasisi a teku.

Abin dubawa kafin saye

Mai ƙaramin ƙarfi tsohon jirgi yake saye. To, mai sayen sa na noma ba ya tsayawa ga kyan fata. Yana duba haƙora, yana duba ƙafafu. Haka ma jirgi. Sabon fenti yana ɓoye ruɓa.

Na ɗaya, jikin jirgi. In na katako ne, sai a danna shi da yatsa ko da tsinken ƙarfe, musamman a kusurwoyi da ƙasa. Inda ya lotsa, ya ruɓe. In na roba mai ƙarfi ne, sai a nemi tsaga da ƙuraje a ƙarƙashi.

Na biyu, ƙyallaye. A warware su duka, a ɗaga su ga rana. Ƙyallen da rana ta cinye yana yagewa kamar tsohuwar takarda. Sau da yawa kuɗin sababbin ƙyallaye ya fi kuɗin tsohon jirgin kansa.

Na uku, sanda da wayoyin ƙarfe masu riƙe ta. In zare guda na wayar ya tsinke, sauran ma suna hanya. Sanda in ta faɗi cikin ruwa tana iya raunata mutum.

Na huɗu, amalanke. Shi ne abin da sabon mai saye ke mantawa. Ana shiga da shi cikin ruwan gishiri domin sauke jirgi, gishiri kuwa maƙiyin ƙarfe ne. A duba tsatsa, a duba tayoyi da fitilu. A ɗaga ƙafa a juya ta da hannu. In tana gurnani, cibiyarta ta lalace. Ƙafar da ta ƙwace bisa babbar hanya tana iya kashe rai.

Mai hankali yana tafiya da wanda ya san jirgi. Yana roƙon a sa jirgin a ruwa a gabansa, yana kuma karɓar takardun saye.

Kuɗin riƙo

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jirgi ma yana cin kuɗi bayan saye: fenti, igiyoyi, man giris, inshora, da rigar ruwa ga kowane mai hawa. Saboda haka ba a zuba duk abin da ke aljihu ranar saye. Ana rage wani abu domin gyara.

Sauran aikin na hannu ne, ba na kuɗi ba. In an dawo daga teku, a wanke jirgi da amalanke da ruwan daɗi. A shanya ƙyallaye, a naɗe su cikin inuwa. A rufe jirgi da tamfol, a ɗaga gabansa, a cire toshiyar baya domin ruwa ya fita. Ruwan sama in ya kwanta cikin jirgin katako ya fi ruwan teku saurin ruɓar da shi. Kowace shekara a sa giris a cibiyar ƙafafu.

Wane ne ya dace da sabon shiga?

Malaman tuƙi suna ba da shawarar a fara da ƙarami. Jirgin da mutum biyu za su tada sandarsa, su sauke shi a ruwa cikin ɗan lokaci, shi ake hawa kowane sati. Babba mai wuyar sha'ani yakan zauna a gida har ciyawa ta fito ƙarƙashinsa. Kuma kafin saye, sai an koyi iyo, an koyi sanin iska. Teku ba ta ragawa wanda bai san ta ba.