Tanbihi Ga Masu Koyon Kwamfuta A Kan Sallamar Manhaja

Tun da ilmin kwamfuta ya fara yaɗuwa a ƙasashen Tasawa da Mayahi, har samarinmu da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi suka riƙa komowa hutu da na'urorinsu a jaka suna koya wa ƙannensu, akwai wata ƴar mas'ala wadda, duk da ƙanƙantarta, takan jawo hasarar aikin yini guda. Mutum ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kansa, ya kira manhajar sort domin ta jera masa sunayen manoman ƙungiyarsu, na Korgom ne ko na Kanambakashe, ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya har ya kai na ƙarshe, sa'an nan ya zuba ido, amma ba abin da ke motsi sai ɗan ɗigon haske yana ƙyaftawa. Nan take sai ya yanke hukunci cewa na'ura ta lalace, alhali kuwa lafiyarta ƙalau.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne manhajar jira take yi. Misalinta kamar marubucin wasiƙa ne a bakin kasuwa, wanda ba zai naɗe takarda ba matuƙar mai saƙo bai ce wassalam ba, domin bai san ko da sauran magana ba. Danna maɓallin Entrée ba ya wadatarwa, gama abin da yake nufi kawai shi ne layi ya ƙare.

Ga ma'abota Linux da Mac, ƙa'idar sallamar manhaja ita ce a riƙe Ctrl a danna D, da sharaɗin a kasance a farkon sabon layi wanda ba kome a kansa. Idan an danna a tsakiyar layi, na'ura za ta miƙa wa manhaja abin da aka rubuta ne kurum, sai an maimaita kafin ta fahimci an gama. Amma ga ma'abota Windows, sai a riƙe Ctrl a danna Z a farkon layi, alamar ^Z ta bayyana, kana a bi ta da Entrée. Wanda kuwa ke koyo a wayar Android ta hanyar Termux, maɓallin rage sauti shi ne ke tsaya masa a madadin Ctrl.

Wannan saɓani yana da asali. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka assasa a Amurka a 1969, kuma Linux ya bi tafarkinsa tun 1991, ya ɗauki alama ta 4 cikin jadawalin ASCII, wadda aka tanada domin ƙarshen aike, wato Ctrl da D. Shi kuwa Windows ya gaji tasa daga MS-DOS na 1981, wanda shi ma ya gada daga CP/M, tsarin da ke ajiye rubutu a ma'auni na haruffa 128, sabili da haka ya buƙaci alama ta 26, wato Ctrl da Z, domin a san inda rubutu ya tsaya a cikin ma'aunin ƙarshe.

To, a nan hatsarin yake. Wanda ya saba da Windows, idan ya danna Ctrl da Z a kan Linux, bai sallami manhaja ba, dakatar da ita ya yi. Sunayen nan suna nan rataye a ƙwaƙwalwar na'ura, ba a rubuta ko ɗaya a fayil ba, kuma da zarar wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba yi mana lokacin bazara, in na'urar ba ta da batir, shi ke nan sun tafi. Maganinsa a rubuta fg, manhaja ta farfaɗo, a sallame ta yadda ya dace. Ctrl da C kuwa ya fi muni, domin yanke aiki yake yi gaba ɗaya, sort ta mutu ba ta fitar da kome ba. Haka nan, da yake madannanmu na tsarin Faransa ne, inda Q da S da D suke jere kafaɗa da kafaɗa, yatsa yakan zame ya faɗa kan S, allo ya sandare. Kada a firgita a kashe na'ura, Ctrl da Q ne ke sakinsa. Daga ƙarshe, a kiyayi maimaita Ctrl da D bayan manhaja ta riga ta gama, domin allon umarni zai ɗauka shi ake sallama, ya rufe kansa.

Saboda haka wajibi ne a kan malamai da masu shagunan koyar da kwamfuta su sanya wannan babi a darasin farko, su kuma rubuta maɓallan nan a takarda su manna a bango. Shi ma ɗalibi, in aikin mai tsawo ne, ya fara rubuta shi a fayil ya adana, sa'an nan ya miƙa wa manhaja fayil ɗin, domin fayil yana da ƙarshe sananne, ba ya buƙatar kowa ya danna kome.